Kafin A Shuka Gero A Filin Ƙwallonmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Horar da Yara Ƙwallon Raga na shiyyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka, ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Sunana Nafi'u. Manomi ne ni a wani ƙauye da ke yamma da Bici, kuma ni nake kula da 'yan ƙwallon ragar garinmu. Ba wanda ya naɗa ni. Ƙwallon da ragar a ɗakina suke kwana, shi ya sa yara suke ce mini koci, ni ma har na saba amsawa.

Wannan ce takarda ta uku da na rubuto maka. Biyun farko na ba direban da ke jigilar tumatir daga wajenmu, ya kuma rantse mini ya miƙa su ga mai gadin ofishinku hannu da hannu. Da na ji shiru na zo da kaina. Na zauna a kan bencin baranda tun hantsi har aka kira azahar. Wani ma'aikaci ya ce mini Oga yana taro, bayan salla wani ya ce ai Oga bai ma shigo ba. Ban ce laifinka ba ne, wataƙila ba a taɓa gaya maka na zo ba. Amma lokaci ya ƙure mini, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, ko wani da ya san ka zai karanta ya ce maka ga wani mutumin ƙauye can yana ta kiranka.

Maganar a taƙaice ita ce: dokarku da ta ɗaure kowane yaro a gurbi ɗaya tun yana ɗan shekara goma sha biyu ta watsa mana wasa. Idan ba a sassauta ta kafin ruwan shuka ba, filin da muke wasa a kai zai koma gona, kuma ba za mu sake samun wani ba.

Sai na fara da filin, don ka gane abin da ya sa nake cewa ba za mu samu wani ba. A wajenmu babu ƙasar da ke zaune a banza. Daga bakin danga gona take farawa, inda ta wani ta ƙare nan ta wani ta tashi, iyakar sai ɗan layin gamba. Ko hanyar da muke bi zuwa rijiya kowace damina sai ta ƙara ramewa, domin kowa yana ɗan cin gefenta da fartanya yana kallon wani wuri. A irin wannan gari, mutum ya ware fili ya ce na wasan yara ne, sai a fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. To, Baba Ilu ya yi. Dattijo ne maƙwabcinmu, sa'an mahaifina. Shekara tara da suka wuce ya gan mu muna buga ƙwallo a kan hanya, igiyar shanya muka ɗaura tsakanin bishiya biyu, muna kwance ta duk sanda amalanke za ta wuce. Sai ya kira ni ya yanka mana kusurwar gonarsa ta bayan gida, wadda ta fi kowace shan taki. Ba a rubuta komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Muddin ina jin hayaniyar yara a nan, naku ne. Ranar da na daina ji, gona ce."

Shekara shida Baba Ilu bai rasa hayaniya ba, har wani lokaci yakan leƙo ya ce mu rage. Bayan la'asar duk wanda ya taso daga gona sai ya wanke ƙafa ya shiga. Wata rana huɗu da huɗu, wata rana uku da biyar, ranar kasuwa ma biyu da biyu. Ana juyawa, kowa zai zo gaban raga ya yi tsalle, kowa zai koma baya ya tare, kowa zai ɗaga wa ɗan'uwansa, kowa zai yi sabis, wato bugun fara wasa. Ba mu iya sosai ba. Da ka gan mu a lokacin, da ka yi dariya, don akwai masu tare ƙwallo kamar suna korar kaza. Amma ban tuna ranar da na ɗaura raga na kwance ta ba a yi wasa ba.

Damina uku da suka wuce, bayan girbi, kocin da kuka turo ya iso a kan babur da ƙwallo biyu sababbi da ƙunshin riguna. Garin ya yi murna, ni na fi kowa. Ya ce daga yanzu za mu shiga jerin garuruwan da ke zuwa gasa a Bici, amma sai an bi tsari. Ya sa aka kawo masa karan dawa miƙaƙƙe, ya auna shi da tef, ya yanke shi daidai tsawon da ya ce dokarku ta tanada. Aka jera yara ba takalmi. Wanda kansa ya wuce karan, ɗan gaban raga ne, aikinsa tsalle da saran ƙwallo da tarewa. Wanda karan ya fi shi, ɗan baya ne. A cikin 'yan baya aka zaɓi waɗanda kuke kira libero, aka ba su riga mai launi daban, aka ce ba su ba sabis, ba su ba tsalle a raga. Sannan ya duba yatsun yara ya ware biyu, ya ce su ne masu ɗagawa. Aka ɗauki hoto, aka yi wa kowa kati, a ƙasan suna aka rubuta gurbinsa. Ya ce ko a horo kada a cakuɗa, domin cakuɗawa tana ɓata hannu, kuma ranar gasa da katin za a yi aiki.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ni na riƙe karan. Ni na dinga danna kan yara ina cewa su daina ɗage. A ranar ji nake mun zama mutane, yau ga mu da tsari irin na birni.

Ba kuma zan ce abin bai yi amfani ko kaɗan ba. A shekarar farko mun je Bici mun ci wasa biyu, abin da ba mu taɓa mafarki ba. Masu sara sun ƙara ƙarfi, masu ɗagawa hannunsu ya faɗa. Da a ce yaran nan a makarantar kwana suke, ana kaɗa musu ƙararrawa su fito su goma sha biyu kullum, da ban rubuta wannan takarda ba. Amma ba a can suke ba, kuma ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Mu ba mu da yara shida tsayayyu, balle goma sha biyu. A birni yaro yana tashi daga makaranta ya ɗauki takalmi ya tafi fili. A nan yaro ɗan shekara goma sha uku ma'aikaci ne a gidansu. Da damina akwai noma da maimai. Da kaka akwai yankan gero da roron wake da sussuka. Da rani kuwa, duk gidan da ke da ɗan fili a wajen noman rani na Watari, ko ɗan'uwa mai fili, yaransa can suke wajen ban-ruwa da tsinkar tumatir. Ba wanda zai iya ce maka wane da wane za su zo gobe, ko su kansu yaran ba su sani ba sai mahaifinsu ya yi magana da safe. A dā wannan bai dame mu ba, domin duk wanda ya zo zai iya tsayawa ko'ina. Bayan kati sai ya zama wasa ba ya tashi sai kowane gurbi da mai shi. Masu ɗagawarmu biyu ne. Ɗaya kawunsa ya tafi da shi birni koyon ɗinki. Ɗayan, Auwalu, tun farkon rani mahaifinsa yake ɗauke shi zuwa Watari, ba ya dawowa sai dab da damina. Da suka tafi sai ka ga dogaye huɗu sun zo sun tsaya a gaban raga suna jiran wanda zai ɗaga musu. In na ce wa wani ya zo ya gwada, sai ya ce kocinku ya hana, hannunsa zai lalace. Na yi sati ina ɗaga wa ɓangare biyu ni kaɗai, in ɗaga a nan in sunkuya ta ƙarƙashin raga in ruga in ɗaga a can, da shekaruna da gemuna. Yaran suka yi dariya kwana biyu, a na uku abin ya daina ba su dariya, suka fara ƙin zuwa.

Na biyu. Karan ya yi mana ƙarya. Ban san yadda yaran birni suke girma ba, amma namu ba sa miƙewa da wuri. Yaron da ke ɗaukar dami a ka tun yana ƙarami yakan daɗe a dunƙule, sai ka fitar da rai sannan ya tashi a damina ɗaya. Ga kuma batun shekaru: rabin waɗanda aka rubuta wa goma sha biyu a ranar, kintace aka yi, wani ya kai sha biyar, wani bai cika sha ɗaya ba. Bari in ba ka misali da yara biyu.

Sabitu ranar awo ko kusa da kan karan bai kai ba. Aka ba shi riga mai launi daban. Yaro ne mai biyayya, ya karɓa, ya dinga faɗuwa ƙasa yana tare ƙwallo har gwiwoyinsa suka yi kanta. Bana Sabitu sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu. Duk garin ba wanda ya kai shi tsawo, in ya ɗaga hannu a tsaye yatsunsa suna wuce raga. Amma shekara uku bai taɓa saran ƙwallo ba, bai taɓa yin sabis ba, kuma katinsa har yau libero yake cewa. Bara a Bici 'yan kallo suka dinga nuna shi suna cewa ga dogo an ajiye shi a baya yana sharar ƙasa. Washegari ya aiko ƙanwarsa da rigar a ninke.

Lawandi kuwa ranar awo ya wuce karan da taƙi guda, aka ce an samu mai tare raga. Ashe shi ya riga ya gama girmansa ke nan. Inda yake a ranar nan yake har yau, sa'o'insa duk sun wuce shi. Tsarinku ya ce da zarar juyi ya kai shi baya ya gama sabis, sai ya fita libero ya shigo. Saboda haka shekara uku Lawandi bai koyi tare ƙwallo da hannu biyu a ƙasa ba. Yanzu a gaba ya yi gajarta, a baya bai iya ba. In ƙwallo ta same shi sai ta yi tsalle ta faɗa cikin rogon maƙwabta. Yaro ne mai zuciya, ba ya jure a yi masa dariya, shi ma ya ajiye. Na rubuta a takardata ta farko ina roƙon a musanya wa waɗannan biyun gurbi, abin da ko makaho ya shafa kansu zai ce a yi. Takardar ba ta samu amsa ba, da na tambayi kocinku da baki kuwa amsarsa ita ce kati ba ya canzuwa sai yaro ya fita daga rukunin yara.

Na uku, shi ne wanda ya fi ci mini rai. Yaran sun koyi wata magana da ba mu san ta a fili ba, wato "ba tawa ba ce". A dā in ƙwallo ta taso mutum uku ne za su yi karo a kanta, a tashi ana zagin juna ana dariya. Yanzu sai ta faɗi tsakanin yara biyu, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Sun kuma koyi cewa akwai manya akwai ƙanana: mai sara shi ake tafa wa, ɗan baya shi ake ɗora wa laifi. Ƙananan da ke tasowa sun ga haka. Na samu labari har awo suke yi wa junansu da kara a bayan gari, wanda ya ga bai kai ba sai ya yanke wa kansa hukunci tun kafin ya taɓa ƙwallo, ya tafi wajen masu ƙwallon ƙafa, inda ba mai auna kowa.

Ranka ya daɗe, tun da aka gama sussuka bana, mafi yawan ranaku ni kaɗai nake zuwa fili. Ina idar da la'asar in ɗauko raga, in ɗaura gefe ɗaya, in zagaya in ɗaura ɗayan, aikin da a dā yara ke rige-rigen yi. In share, in zuba toka a layi. Sannan in zauna a gindin turke ina kallon hanya. In na hango yaro tafe sai in miƙe in kama gyaran igiya, don kada ya ga kamar jiransa nake. Yawanci aikensa aka yi, zai gaishe ni ya wuce. Waɗanda muka fara wasan tare duk sun watse, wasu suna birni, wasu iyali sun yi musu yawa, in na ɗauko maganar a majalisa sai su ce har yanzu ban girma ba. Matata a dā in na shigo takan tambaye ni wa ya ci. Yanzu sai ta karɓi ragar ta rataye kawai, kuma na fi son tambayar. Ban taɓa sanin mutum zai yi kaɗaici a garin da aka haife shi, a tsakiyar gidajen da ya san kowa a ciki ba, sai bana.

A nan ne na yi abin da nake jin kunyar rubutawa, amma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa. Idon Baba Ilu ya yi rauni shekara biyu ke nan. Da yamma a bayan dangarsa yake zama a kan tabarma, fili yana gefensa amma ba ya ganin ko turke. Sai na ce a raina, ai sharaɗinsa ji ne, ba gani ba. Na fara yin sabis da ƙarfi in tsallaka da gudu in ɗauko in sake bugowa. Ina buga ƙafa a ƙasa. Har na kai ina kiran sunayen yaran da ba sa nan, ina ce wa Auwalu ya ɗaga, ina yi wa Lawandi faɗa ya matsa gaba, ni kaɗai a fili kamar wanda aljanu suka taɓa. Na yi kusan sati biyu a haka.

Wata yamma ina kwance raga ya kira ni. Na je na durƙusa. Ya ce: "Nafi'u, idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Sawun mutum ɗaya nake ji kullum. Ka daina wahalar da kanka, kuma ka daina kiran 'ya'yan mutane da ba sa wurin." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sannan ya gaya mini halin da yake ciki. 'Ya'yansa maza uku duk sun yi aure. Gonar da a dā take ciyar da gida ɗaya yanzu tukunya huɗu ke jiran ta. Babbansu, Alasan, ya daɗe yana yi masa maganar kusurwar nan cikin ladabi, yana cewa ƙasa mai kyau tana kwance ana zuba mata toka. Baba ya ce: "Na roƙe su su bari sai ruwan shuka. In na ji yara kafin nan, maganata tana nan. In ban ji ba, ba ni da bakin hana su." Ba na ganin laifin Alasan ko kaɗan. Da ni ne da yara biyar a gida, da na riga shi magana.

Daga nan na bi gida-gida. Na ce wa yara a manta da kati, a dawo yadda muke a dā, kowa ya buga ko'ina. Na je wajen Sabitu sau uku kafin ya yarda. Ranar farko muka samu biyar, ta biyu bakwai, kafin sati ya cika mun kai tara. Ranar da Sabitu ya yi saransa na farko ƙwallon ba ta ma faɗa cikin layi ba, can ta dira a kan rumbun wani, amma yaran suka ɗauke shi sama kamar ya ci kofi. Lawandi ya fara koyon tarewa, ƙananan suna nuna masa, yana haɗe rai yana koya. Baba Ilu ya sa aka matso masa da tabarma bakin danga. A satin nan na yi barci mai daɗi.

Ana cikin haka Koci ya zo da fom na bana. Ya tsaya a kan babur ɗinsa yana kallo, ya ga Sabitu a gaban raga. A gaban yaran ya ce mini: "Malam Nafi'u, wannan ai ba horo ba ne, kasuwa ce. Duk garin da aka samu yana cakuɗa gurabe, doka ta ce a cire shi daga jerin gasa." Ban riƙe shi a zuci ba. Mutumin kirki ne, ya sha ruwa a gidana, takarda aka ba shi yake bi. Amma yaran sun ji. Zuwa Bici shi ne abin da suke jira duk shekara: a shiga mota, a sa riga, a kira sunan garinmu a lasifika. Washegari huɗu suka zo, suka ce a koma kan kati don kada a cire mu. Muka koma kan kati, babu mai ɗagawa, aka tsaya ana kallon juna. Bayan kwana uku na koma ni kaɗai.

To ka ga inda aka saka ni. In na bi dokarku wasa ba ya tashi, domin gurabe ba sa taɓa cika. In na bar dokarku an cire mu daga gasa, yara ba za su zo ba. Ta ko'ina Baba Ilu shiru zai ji. Fom ɗin yana nan a cikin jakata, na rubuta sunaye, layin gurbi ne na kasa cikewa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce kada yaro ya ƙware a abu ɗaya ba. Ko a gona akwai wanda aka sani da iya huɗa, akwai wanda aka sani da ɗaurin dami. Amma ba a ce wa yaro tun yana ƙarami shi ɗaurin dami kawai zai koya, a hana shi taɓa fartanya. Sai ya yi duka, jikinsa ya gama fitowa, sannan a ga inda hannunsa ya fi faɗawa. In yaro ya kai shekara goma sha shida ko sha bakwai, tsawonsa ya tsaya, ya ɗanɗana kowane gurbi, ku ɗaure shi inda ya dace, ni zan fara sa hannu. Mai saran da ya taɓa ɗagawa ya san wahalar mai ɗaga masa, ba zai yi masa tsawa a banza ba. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa yaro hukuncin shekara biyar da awon yini ɗaya.

Ga abin da nake roƙo.

Da farko, a cire layin gurbi daga katin duk yaron da bai kai shekara goma sha shida ba, a bar su su juya a horo da kuma gasa.

Na biyu, waɗanda aka riga aka yi wa kati a ba su damar canzawa. Na tabbata ba garinmu kaɗai ke da irin Sabitu da Lawandi ba. Ku tambayi masu riƙe da raga a ƙauyukan da ke kewaye da mu, in sun saki jiki da ku za ku ji.

Na uku, a duba yiwuwar gasar huɗu da huɗu ga ƙauyuka a lokacin rani, tunda a lokacin ne yaranmu suke rarrabuwa.

Na san waɗannan ukun sai an zauna, an yi taro, an kai sama an dawo, kuma na ga yadda taro yake a ofishinku. Saboda haka na huɗun shi ne na gaggawa, kuma ba ya bukatar taro. Ka rubuto layi ɗaya da sa hannunka cewa ba za a cire garinmu daga gasa ba don yara sun juya gurabe a filinsu. In rubutu zai yi wuya, ka turo Koci ya faɗa da bakinsa a gaban yaran, tunda a gabansu aka faɗi ta farko. Maganata ni kaɗai ba ta isa ba, na gwada.

Ranka ya daɗe, a wajenmu yanzu lokacin kai taki ne. Tun makon jiya Alasan ya fara kawo nasa a kan jaki, mangala bayan mangala, yana zubawa tsibi-tsibi a gefen fili. Baba ya ce masa ya bar tsakiya tukuna, ya kuma bari. Duk da haka tsibin ya zagaye gefe uku, jiya sai da na tsallaka ɗaya kafin in kai ga turke. Zafi ya kai inda yake kaiwa, kuma kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Ni manomi ne, ba zan iya ɗaga hannu in roƙi Allah ya jinkirta mana ruwa ba, ko da a zuci.

In amsarka ta riga ruwa isowa, da ƙafata zan kai ta gida-gida a ranar. In ruwa ya riga ta, kada ka wahalar da mai kawowa. Alasan ya riga ya roƙe ni in taya su shuka, na kuma amsa, domin gidan da ya ba mu aron ƙasa shekara tara ba a ce masa a'a. Ya ce ni zan riƙe sungumi, tunda ba wanda ya kai ni sanin inda ƙasar ta fi tauri.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka, ya sa waɗanda ke kusa da kai su riƙa isar maka da saƙon na nesa. Allah ya raya maka zuriya, ya ba mu damina mai albarka baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Nafi'u,
mai riƙe da ƙwallo da raga a wani ƙauye yamma da Bici.